Baba Na Shayar da Gobar Mama Baƙin Mai

Anti, ki taimaka mini, maganar nan ta tsaya mini a wuya. Mahaifina tsohon direban babbar mota ne, kuma a wurinsa babu cutar da baƙin mai ba ya magani. Ƙofa ta yi ƙara, baƙin mai. Ƙura ta dame mu a tsakar gida, baƙin mai. To, a bayan ɗakinmu akwai bishiyar goba da marigayiya Mama ta dasa. Shekarar da ta rasu gara ta fara hawan bishiyar, sai Baba ya karɓo galan guda a garejin abokinsa ya zagaye gindinta da shi. Gara ta gudu, Baba ya yi ta cika baki.

Da farko lafiya lau. Daga baya 'ya'yan suka ƙanƙance. Yanzu ganyen ya yi rawaya yana zuba, in na ba ta ruwa sai ya kwanta a sama yana ƙyalli, ƙasa ta ƙi sha. Ko ciyawa ta daina fitowa a wurin. Shi kuwa ya dage gara ce ta dawo ta ƙarƙashi, sai ƙara mai yake yi. Ni ko gaban alƙali zan rantse man ne. Amma Anti, mutumin da kullum yake ajiye kujerarsa a inuwar nan yana tuna matarsa, ta yaya zan ce masa shi ke kashe bishiyar? Yayana ya ce in ja bakina in yi shiru. Wallahi abin yana ci mini rai.

'Yar Direba

'Yar Direba, gaskiyarki. Baƙin mai ba ya kisa farat ɗaya. Liƙe ƙasa yake yi, ya hana ruwa da iska shiga, ya kashe tana da sauran ƙananan halittun da ke raya ta, saiwa ta yi ta shaƙewa shekara bayan shekara. Shi ya sa Baba bai gano ba. Yayanki kuma tausayin tsoho yake ji, ban ga laifinsa ba, sai dai shirun nan bishiyar zai ci.

Kada ki tunkari Baba da zargi. Ki miƙa masa fartanya, ki roƙe shi ku tona ku nemo garar tare. Direba ya san warin mai, hancinsa zai faɗa masa abin da bakinki ya kasa. Daga nan ku sa safar hannu ku kwashe baƙar ƙasar a hankali, kada ku sare saiwa, kada kuma ku zubar kusa da rijiya ko kwata. Ku cike da sabuwar ƙasa da ruɓaɓɓen taki. In gara ta leƙo, a barbaɗa toka. Galan ya koma gareji.

Ba zan yi miki ƙarya ba, bishiyar tana iya farfaɗowa, tana iya bushewa. Don haka ki cire iri daga gobar da ta fi kyau, ki ba Baba ya shuka da hannunsa a wurin da mai bai taɓa ba. Allah Ya jiƙan Mama, Ya ba Baba tsawon ran da zai ci 'ya'yanta.