Na Sauya Murfi Biyu, Surukina Ya Ɗauka Hankalinsa Ya Fara Gushewa

Zuwa ga Uwargida Hilde,

Ki taimaka mini, don Allah. Mai rubuto miki Farfesa ne, Dakta kuma, shugaban masu binciken kifayen ruwan gishiri na ƙasashen arewa gaba ɗaya, wanda in ya yi tari a garinmu Harlingen sai an ji a jami'o'i bakwai. Ban saba neman shawara ba, ni ake nema. Amma wanzami ba ya aske ƙeyarsa.

Surukina, Baba Douwe, shekararsa saba'in da huɗu, yana da akwatin gilashi a falo mai tsawon gado, cike da murjani da kifayen teku. Ba ya yarda da abincin kifi na kanti. Asabar ɗin farkon wata nake kawo masa jatan lande da naman kwanso da gutsuren farin kifi, ya wanke su fes, ya haɗa da ganyen teku da 'yar ƙwayar tafarnuwa, ya markaɗa, ba laushi sosai ba, wai kifi ma yana son abin taunawa. Sai ya zuba a farantin ƙanƙara mai gida-gida, ya rufe da shuɗin murfi, sai firiza. Matarsa, Inna Griet, ita ma a irin farantin take daskarar da romon kifinta mai kauri, da albasa da man shanu da gishiri, amma nata murfin ja ne. Shekara ashirin suna haka a aljihun firiza ɗaya, ba a taɓa samun kuskure ba sai da Allah ya kawo ni gidan.

Ni mutum ne mai tsokana, matata Nynke takan ce ranar da na daina a kai ni asibiti. Na sauya murafen. Nufina kawai ranar Lahadi mu sha miyar abincin kifi, in an gama in faɗa, a yi dariya. Ai ba guba ba ce, kayan ma sun fi na miyar tsada. Aka sha kuwa, har Baba ya ƙara. Sai Inna ta ajiye cokali, idonta ya kawo ruwa, ta ce yau ce rana ta farko da ta dace da ɗanɗanon miyar marigayiya mahaifiyarta. To wa zai buɗe baki a nan? Na haɗiye dariyata tare da burodi.

Abin da ban lissafa ba, in abincin kifi ya tafi tukunya, romon Inna ina zai je? Baba da sassafe yake ciyar da kifi, kafin ya nemo tabarau. Kwana uku yana jefa musu romon albasa da man shanu. Ruwa ya yi fari, maiƙo ya taso sama, injin tacewa ya yi ta amayar da kumfa har ƙasa. Wani kifi rawaya da ake kira Magajin Gari, shekara sha huɗu yana gidan, ya riga ni zuwa ma, ya kwanta a bayan dutse bai tashi ba. Sauran sun farfaɗo.

Baba ya shinshina ƙanƙarar ya ji albasa. Bai zargi kowa ba sai kansa, wai shi ya rikita murafen. Yayansa ciwon mantuwa ne ya kai shi gidan tsofaffi, har ya daina gane 'ya'yansa, shi ma yanzu ya ce layi ya zo kansa. Ya liƙa takardu a ƙofofi: kashe murhu, kulle gida. Ya miƙa wa Inna makullin mota. An ba shi ranar ganin likita, Alhamis mai zuwa. Mutumin da in ya gan ni sai ya ce, "Ga ɗan iskan gari, wa ka cuta yau?" yanzu sai ya bi ni da ido kawai.

Jiya ya kira ni gaban akwatin ya ce in ɗauke akwatin da kifayen in kai gidana kafin ya ƙarasa su. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Duk shirmenka, yaro, hannunka kaɗai na yarda da shi." Na ce masa zan yi tunani, na fita na hau keke na rasa inda na nufa.

In na faɗa, na rasa Baba, wataƙila har da zaman lafiyar gidana, don Nynke ba ta wasa da mahaifinta. In na yi shiru, likita zai ce lafiyarsa lau, magana ta mutu da kanta, ko ba haka ba? Na ma yi tunanin sayo masa wani rawayan in ce kyauta ce.

Uwargida, gara in sauke rawanin aro. Babu wani Farfesa. Ni mai feɗe kifi ne a bakin tashar jirgin ruwa, karatuna na allo ne a ƙauyenmu kafin in zo ƙasar nan, rabin wasiƙar ma sai da na goge na sake. Na ari girman ne don kada ki jefa ta kwandon shara.

Naki,
Mai Hannun Ƙarni

Ya kai Mai Hannun Ƙarni,

Tun layi na uku na gane ka, farfesoshi ba su iya ba da labari haka ba.

Ba mugunta ka yi ba, na yarda, kuma shirunka a teburi tausayi ne. Amma wancan shirun na awa ɗaya ne, wannan kuwa yana cin dattijo kullum. Kada ka dogara da likita. Mai wannan tsoron, ko an ce masa lafiya lau, zai ce ba a gano ba ne tukuna, domin a ganinsa hujja tana hannunsa. Kai kaɗai za ka iya karɓe ta.

Ka je yau, kada ka kai gobe. Ka fara sanar da matarka, gara ta ji daga bakinka. Sannan ka sami Baba shi kaɗai, ka faɗa a taƙaice: ni na sauya murafen, ranar kaza, ba kai ba ne. Ban da raha, ban da kame-kame. Inna kuma tana da nata haƙƙin, ka roƙe ta gafara, ka bar mata maganar miyar ta yi yadda ta so da ita. In Baba yana son ganin likita duk da haka, ya je, babu laifi, amma ya je da gaskiyar abin da ya faru.

Kada ka sayo kifi. Shekara sha huɗu ba a kanti ake samunta ba, kuma ruwan bai gama komawa daidai ba. Ka ba shi ƙarfinka: ɗaukar bokiti, sauya ruwa kaɗan-kaɗan, wanke injin tacewa. A zubar da abin da ya rage a farantan. Nan gaba a zuba abincin kifi a leda, a baje shi falan-falan yadda za a riƙa ɓallewa, a rubuta suna da kwanan wata, a ba shi aljihunsa daban.

Zai yi fushi, mai yiwuwa ya kore ka na ɗan lokaci, kuma akwatin ba za ka samu ba. Ka tsaya ka sha faɗan har ƙarshe. Mutumin da ya tashi yana zazzaga maka masifa ya san hankalinsa na nan daram, kuma abin da ka ɗauke masa ke nan.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyar Baba.

Hilde