Kansilan da Ya Wulaƙanta Inna

Longsight, Manchester

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Anti Rabi da yara? Ya ƙafar taka, da sauƙi? Mu nan lafiya lau, Inna ma tarin ya lafa.

Ka tuna kansilan unguwarmu da muka kai wa kukan danshin flat ɗin Inna, ya bar ta a tsaye tana tari yana danna waya? To, na rama mata.

Kawu Bala na Birmingham ne ya faɗa min cewa a nan wanda ba shi da jam'iyya ba ya zaɓen fidda gwani, sai ya yi rajista ya yi watanni a ciki. Ni da na rantse ba ruwana da siyasa, tun bara na shiga jam'iyyar kansilan, na ja matan Islamiyyarmu su ma suka shiga, muka yi shiru.

Ranar zaɓen ya gan mu mun cika kujerun gaba, ya washe baki ya ce, "Na gode da kuka zo domina."

Na ce, "Wallahi dominka muka zo."

Wata nas muka zaɓa. Ya faɗi. Ina kallonsa yana tattara takardunsa, ko ɗigon tausayi ban ji ba.

Inna ta ce in yafe masa. Ka taya ni addu'a Allah ya sanyaya min zuciya, amma ka ɗan jinkirta, ban gama jin daɗin ba.

Ka gaida Gwaggo da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza