Takardar Da Ta Wanke Matar Ƙanena

Da sunan Allah. Ni ne mahaifinku, tsohon direban babbar mota. Ina rubutu daga gadon asibiti, cikin hankalina, babu gigi babu ruɗu, ko da yake zuciya ta ba ni notis. Kada ku tausaya min, na shekara ashirin ban ji sanyin rai irin na yau ba.

1. Takardar gwajin jinin da ke aljihun jakata ta fi duk abin da na bari. Likita ta yi min bayani da yaren direbobi. Kitse ba ya yawo a jini da ƙafarsa, dakonsa ake yi. Wasu 'yan dako suna kai shi sassan jiki, in sun yi yawa sai su jibge kaya a bangon jijiya har hanya ta toshe. Wasu kuma kwasowa suke yi su mayar hanta. Mu hantarmu ba ta janye na farkon daga jini yadda ya kamata, kuma gadon abin ake yi. Rawayan tabon fatar idonmu da muke taƙama da shi, wai tambarin gida, ashe kitse ne ya leƙo.

2. Shekara ashirin ke nan, ranar da baffanku ya yanke jiki ya faɗi a gareji ya rasu yana da shekara arba'in, ni na fara cewa matarsa ta zuba masa wani abu a abinci. Ni na hana ku cin girkinta. Baiwar Allah ba ta kashe kowa ba, abin a jininmu yake. Na aika mata, ta zo, na nemi gafara ina kuka kamar yaro. Ta yafe. Ɗakina na bakin ƙofa nata ne.

3. Motar ta Babba ce, amma sai ya yi gwajin jini za a ba shi makulli. Kai Babba, daina cewa kai siriri ne, baffanku ya fi ka rama. Duk wanda aka rubuta wa ƙwayar magani ya sha kullum, har ke Auta mai mantuwa.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku shekarun da baffanku bai samu ba. Ku riƙe juna. Jiya matar baffanku ta aiko min da abinci, na cinye tas. Bayan raina ku je gidanta gaba ɗaya, ta zuba muku, ku ci a gabanta.