Warin Tsami

Ƙanina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Shekara tara ina haɗa abincin kaji a shagon nan, ba a taɓa dawo mini da buhu ba. Jiya aka dawo da goma sha huɗu. Mai gonar bakin gada ya ce an gaya masa abincina ya yi tsami. Da na matsa masa, ya sunkuyar da kai ya ce kai ne.

Kai da na koya wa riƙe shebur. Ka fi kowa sanin warin nan na asid ne, wanda likitan dabbobi ya ce in riƙa zubawa don ya kashe ƙwayoyin cuta. Da za ka fasa mini kai da ya fi sauƙi. Raina ya ɓaci matuƙa.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa.

Ni ban ce ya lalace ba. Tambayata aka yi, na ce akwai tsami a ciki, kuma ai akwai. Yadda suka ɗauki maganar ba laifina ba ne. Dama ina so in sanar da ke na buɗe nawa shagon. Nawa abincin ba ya wari, mutane sun fi son haka.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Don Allah kada ki yaga kafin ki karanta.

Sati uku ke nan, 'yan tsakin mai gonar bakin gada, wanda ya koma saye a wurina, suna ta zawo, kullum sai an kwashe gawa a baro. Likita ya ce cutar daga abincina take. Na sayo asid ɗin, amma ban san ma'auni ba. Ke ce kullum ke aunawa, ni zubawa kawai nake yi. Kunya ta hana ni tambayar likita. Ki rufa mini asiri.

Ƙaninki.

*

Ƙanina,

Na amsa gaisuwa.

Murfin jarka biyu a kowane buhu, ka juya sosai. Don kajin mutane na faɗa, ba don kai ba.

Warin zai kama hannunka, sabulu ba ya fitar da shi. In an tambaye ka, ka ce akwai tsami a ciki.

Allah Ya kyauta.
Mai haɗa abincin kaji.