Tocilar Korar Jan-Baki da Idon Matuƙin Jirgi

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Karaye da Rogo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da ɗawainiyar jama'a. Allah ya ƙara girma.

Shekarun baya na taɓa jin wani direban tirela yana cewa wai akwai tocila, ba ta fi ɗan yatsa ba, da mutum zai tsaya a ƙasa ya kashe wa matuƙin jirgin sama ido da ita. Dariya na yi. A gaban kakata na tashi, na sha tatsuniya har ina gane ta tun daga nesa, don haka na ɗauki wannan ma na zuba a cikinsu. To, yau ga tocilar a aljihun manoma daga Tudun Kaya har Fulatan, kuma kai ka kawo ta.

Na ɗaya. Ban ce da mugun nufi ka kawo ba. Tsuntsayen jan-baki sun cinye mu bara, ka zo da wannan mai koren haske da ake kira leza, ka ce a haska bishiyoyin da suke kwana da magariba, za su tashi. Suna tashi kuwa, na gani. Amma ka san mutanenmu ba sa sayen abu sai sun gwada. Mai sayen fartanya sai ya sari ƙasa. To da me za a gwada nisan haske? Sai jirgin da ke bi ta kanmu zai sauka Kano. Har suna aka raɗa: mai kyau ita ce "mai taɓa jirgi", wadda ba ta kai ba kuma "ta kaji". Masu yin nan magidanta ne, wasu da furfura.

Na biyu. Kabiru ɗan ƙanwata matuƙin jirgi ne. Da ya zo gaisuwar sallah na kawo masa zancen cikin raha, shi ko bai yi dariya ba. Ya ce abin da muke gani kamar ƙwayar gero a hannu, kafin ya kai sama ya buɗe, in ya daki gilashin gaba sai wajen tuƙin gaba ɗaya ya koma kore. Su kuma in duhu ya yi sukan rage fitilun ciki don ido ya saba. Sai mutum ya kasa karanta agogunan gabansa, wani tabo yana ta yawo a idonsa, ga rayuka cike a bayansa. An koya musu su kau da kai, kada su murje ido, su miƙa tuƙi ga abokin aiki, su kira masu hasumiyar filin jirgi su faɗi launin hasken, da ɓangaren da ya fito, da garin da ke kusa. In sun sauka a rubuta rahoto, a ga likitan ido. Wato Alhaji, ranar da wani ya dace da saiti, sunan garinmu ne zai shiga takarda.

Na uku. Na faɗi wannan a taro, ka ce tsufa ne. Ranar kasuwa bayan magariba na ga Sule mai injin ban ruwa ya ɗaga tasa yana bin jirgi, ana ta shewa. Na ce ya ara mini in gani, ya miƙo, na ɗora ta a dutse na fasa. Sai ka yanke cewa ba za a ba ni irin shuka na ƙungiya bana ba, har sai na ba da haƙuri a gaban jama'a. Ka san fadamar da nake nomawa ita ke ciyar da gidana. To haƙurin nan ba zan bayar ba. In gonar za ta kwana ba shuka, ta kwana. In na sake ganin wani ya ɗaga, da dutse a ko'ina.

Abin da nake nema: ka tara mutane ka faɗa da bakinka cewa kada hasken tocilar nan ya wuce kan bishiya, ka hana masu sayarwa wannan gwaji, ka kuma mayar mini da rabona na iri ba tare da na durƙusa wa kowa ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare matafiyanmu a ƙasa da sama.

In kuma har yanzu tatsuniya kake ɗaukarta, wadda ta ba ni labarin a ƙarshe daga Umra ta dawo. Jirginsu ya yi ƙasa-ƙasa zai sauka sai ya sake cilla sama, mata suna ta salati, daga baya matuƙin ya ba su haƙuri, ya ce da koren haske aka dalle masa ido. Ban ce daga gonakinmu ba ne, amma tocilar irin tamu ce. Ka je ka tambaye ta, ba nisa. Hajiya Rabi ce, yayarka, uwa ɗaya uba ɗaya.

Wassalam.

Malam Ilu, Tudun Kaya