Sun Rataya wa Hotona Furen Matattu

Kalkata, watan Ashar na damina, 1927

Zuwa ga yayana Nibaran, a Rangun.

Bayan gaisuwa mai yawa da taɓa ƙafafunka don girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Yaya Sushila da yara. Uwa Kali, abar bautarmu, ta tsare ku, ta raba ka da ciwon gwiwar nan da damina ke tayar maka. Mu nan ruwa ya sauka sosai, rufin kicin na yoyo kamar kullum, amma jiki kalau. Yaya, ka saurare ni da kyau: in jaridar majigi ta Kalkata ta iso hannunka ka ga hotona a ciki, kada ka aske kai don makoki, kada ka kira firist. Ban mutu ba. Ni ce nake rubuta maka da hannuna.

Ka san bara 'yata Taru ta bar dandamalin wasan kwaikwayo ta koma kamfanin masu majigi. Tun a lokacin ban so ba. Yarinyar da na koya wa waƙa tun tana tatata, muryar da ke kaiwa kujerar ƙarshe, a ce ta je tana motsa baki a jikin farin ƙyalle kamar kifi a kwano, ba mai jin ko tarinta! Na haƙura dai, tunda zamani riga ne. Suka canja mata suna zuwa Malabika Debi, nan ma na haɗiye. Ashe somin taɓi ne.

Akwai wani mai yi musu talla da ake kira Haripada Babu, mai baki kamar zuma, gashi sharkaf da mai. Ya zo gida, ya sha shayina, ya tauna ganyen pan ɗina, ya ce masu kallo suna son ganin uwar da ta haifi tauraruwa. Ya zaɓi hoton nan nawa na bango, wanda na lulluɓe kai da farin zanen sari a wasan da na fito uwar sarki. Ni kuwa sakarya har da goge masa gilashin da bakin zanena. Da jaridar ta fito, me zan gani? Hotona a kan teburi, an zagaye shi da furanni, turaren tsinke na hayaƙi a gabansa, ga Taru ta haɗa tafin hannu tana hawaye. Yaya, wa ake rataya wa fure a hoto in ba wanda aka ƙona a bakin kogin Ganga ba? A ƙasa suka rubuta wai marainiya ce, 'yar babban gida, uwarta mai tsarki ta rasu ba ta taɓa leƙa waje ba. Ni da na shekara talatin ina shafa hoda a gaban dubban mutane! Da na je kasuwa mai kifi ta gan ni, ta saki wuƙa ta hau salati irin nata.

Ban tsaya sauya zane ba na nufi kamfanin. Haripada Babu ko kunya bai ji ba, ya ce in kwantar da hankali, masu kallo ba sa sayen tikiti don 'yar macen dandamali, matan manya ba za su shigo ba. Wai ai wasa ne, sau nawa na mutu a kan dandamali? Na ce masa a can in an sauke labule tashi nake yi, in rusuna a tafa mini. Ya yi dariya ya kira ni da uwa. Uwarsa tana gida, ya je ya rataya mata furen.

Duk wannan zan iya shanyewa, Yaya, tsakanina da bare ne. Wanda ya ƙona ni na cikin gida ne. Ran Lahadi suka kawo ɗan jarida ya ga inda tauraruwa take zaune. Taru ta roƙe ni in zauna a kicin har su tafi. Da gangan na ɗaura jan sarina mafi kyau, na fito da farantin shayi, in ga gudun ruwanta. Mutumin ya dube ni ya dubi Taru, don makaho ma ya shafa ya san hancinmu ɗaya, ya tambaya wace ce. Ta kalli Haripada Babu, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Mai aikinmu ce, ita ta raine ni." Na ajiye shayin ba tare da ya zube ba, don har yanzu na fi ta iya wasa. Bayan sun fita ta faɗi tana kuka za ta taɓa ƙafata, wai ta sa hannu a takardar yarjejeniyarsu, in asiri ya tonu korarta za su yi. Na janye ƙafata, na ce 'yar babban gida ba ta taɓa ƙafar mai aiki.

Shugaban tsohon gidan wasanmu ya ji labari, ya ce in dawo ya buga sunana a bangon gari da manyan baƙaƙe: uwar Malabika Debi, da ranta. Zuciyata ta so, ba zan ɓoye maka ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba zan fasa mata tukunya ba, ba kuma zan zauna ina ɓuya a gidana duk sanda aka buga ƙofa ba. Don haka ka share mini ɗakin nan na baya, zan hau jirgin ruwa da zarar ruwan sama ya ɗauke.

Ka gaida Yaya Sushila, da Gopal, da 'yar auta Shefali, da Kawu Bhuban in yana gane mutane har yanzu. Ban faɗa wa Taru zan tafi ba, kai ma kada ka rubuto mata. Abu ɗaya ke hana ni barci, kuma haushin kaina nake ji a kansa: ƙatuwar tauraruwar nan har yau ba ta iya cire ƙayar kifi ba, ni nake cire mata.

Ƙanwarka,
Bindubala