An Sauke Mana Irin Dankali a Bakin Kwalta

Zuwa ga Babban Darakta na kamfanin da ya ɗauki nauyin kawo mana irin dankalin Turawa bana, a Damagaram.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Shekara ashirin da shida na yi ina tace labarai a gidan radiyo kafin in aje aiki in dawo Gure. Masu lambu talatin da ɗaya na wani kwari da ke bayan Gidigir suka naɗa ni sakataren ƙungiyarsu don na iya cika takarda da Faransanci. Noma kam ban sani ba. Mushe suke ce mini, wato ɗan boko.

A da Malam Bukar ne ke kawo musu iri da tsohuwar motarsa kat-kat, mai shiga rairayi. Ba shi da biro, wato ofis, ba shi da hatimi. In sanyi ya kusa, yakan kira Ya Falmata, shugabar ƙungiyar, ya ji ko an gyara fangali, sannan ya rage iskar taya ya ratsa rairayi, ya sauke iri a inuwar dabino, ya koma da kanwa. Ni na raba su da shi. Na tsaya gaban allo na zana musu kibau daga tashar jirgin ruwa zuwa mangazarku ta ajiyar kaya, daga mangaza zuwa lambu, na ce haka duniya ke yi yanzu. Ya Falmata ta ce, “Mushe, wace ce cikin kibau ɗin za ta hau tudun rairayin nan?” Aka yi dariya, har da ni, don na ɗauka raha ce.

Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya, kuskurena. A takardarku, wurin da aka ce a rubuta inda za a sauke kaya, na rubuta Gure, saboda nan nake kwana. Daga kwalta zuwa kwarin tafiyar awa biyu ce cikin rairayi. Ni ne mutumin da ke mayar wa 'yan rahoto labari in ba su faɗi inda abu ya faru ba. Sai dai hatimi uku na gani a kan takardar, kuma sunan ƙauyen masu lambun yana rubuce a samanta. Cikin ukun ba wanda ya tambaya.

Na biyu, takin zamani ya iso tun ƙarshen Oktoba, iri bai biyo ba sai bayan mako uku. Da na kira bironku aka ce iri yana hannun mai shigo da shi. Mai shigo da shi ya ce ya daɗe da miƙa wa mangazarku. Mai mangaza ya ce mota yake jira. Mai mota ya ce kamyonsa, babbar motar kaya, ba ya tashi sai ya cika da kayan Diffa, kuma ba wanda ya gaya masa kayan nan masu ruɓewa ne. Kowa ya yi mini magana da ladabi, kowa takardarsa daidai take. Lambar wayar mai mangazarku ma ni na ba mai motar.

Na uku, ranar Alhamis ta makon jiya, da tsakar rana, direba ya kira ni ya ce ya iso. Ya sauke buhu arba'in kusa da tasha, ya ce kamyo ba ya shiga rairayi. Gaskiyarsa. Kwana biyu na yi ina rufa wa buhuna tabarma, ina korar awaki da jaridar da ke hannuna, mutanen gari suna yi mini sannu da aiki. Ranar Asabar na cire kunya na je gidan Malam Bukar. Ya ba ni shayi, ya bari na gama bayanina duka, sannan ya ce, “To Mushe, allon naka bai da taya ne?” Ya tashi ya kwashe kayan a sawu uku. Da aka buɗe a kwari, buhu goma sha ɗaya sun yi ruwa. Ya Falmata ta zaɓi ruɓaɓɓe guda ta sa mini a hannu, ta ce in kai birni a buga masa hatimi.

Ranka ya daɗe, saura buhu ashirin a mangazarku. Mutum goma sha huɗu ba su samu ko ƙwaya ba, har da Ya Falmata, wadda ta sa kanta a ƙarshen rabo. Fangalinsu a jiƙe yake. Masu sani, waɗanda yanzu nake saurara, sun ce in iri bai shiga ƙasa nan da kwana goma ba, zafi zai riske shi kafin ya yi 'ya'ya. Wannan noman ne ke riƙe gidajensu har damina.

Don haka ina roƙo. A ba mu mutum ɗaya da ya san inda kayan suke, wanda shi zai kira mai mota, ba ni ba. A sanar da mu kwana biyu kafin kamyo ya tashi, a kuma gaya wa direba abin da ya ɗauko. A yi magana da Malam Bukar tun yanzu, ya tarbi kayan a bakin kwalta. Na haɗo da sabuwar takarda, wannan karon da sunan kwarin, kuma Ya Falmata ta sa an karanta mata sau biyu kafin ta yarda in aiko. In kuwa ba zai yiwu ba, a faɗa mana ƙarara kafin Juma'a, mutane su dasa albasa tun da sauran sanyi. “Ana kan hanya” ita ce amsar da ta fi cutar da mu.

Na nemi ƙungiya ta sauke ni. Sun ƙi. Sun ce in zauna har in ga ƙarshen abin da na jawo, kuma ranar da kaya suka iso ni zan fara ɗaukar buhu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa aikinka albarka, ya tsare direbobinka a hanya.

Wassalam.

Mahaman Sani Laminu,
Gure.